Sule Biyar a Mako: Yadda Talakan Ingila Ya Rayu da Tallafi

Ranar Juma'a, 1 ga Janairun 1909, tsofaffi suka yi dafifi a gidajen waya na Birtaniya. A ranar ce gwamnati ta fara biyan fanshon tsufa, sule biyar a mako ga wanda ya kai shekara 70, muddin samunsa a shekara bai wuce fam 21 ba. Dattawanmu da suka ci kasuwa kafin zuwan naira a 1973 sun san lissafin: kwabo 12 sule guda, sule 20 fam guda.

Kuɗin ba ya isa, kuma mahukunta sun sani. Tun a 1901 Seebohm Rowntree, ɗan masu kamfanin cakulan a birnin York, ya wallafa bincikensa, inda ya nuna mutum ɗaya na bukatar sule bakwai a mako kafin ya riƙe rai da lafiya, magidanci mai mata da 'ya'ya uku kuwa sule 21 da kwabo 8. A lissafin nan babu jarida, babu taba, babu kan sarkin aika wasiƙa, babu naman mahauci. Duk da haka tsofaffin sun yi murna, domin abin da ke jiransu in ba wannan ba shi ne gidan aikin matalauta na dokar 1834, inda ake raba miji da mata, a sa wa kowa tufafin gidan. Da sule biyar a hannu, tsohuwa na iya zama ɗakin 'yarta ba tare da ta zama kaya ba.

To, wa ke cike giɓin? Matan gida. Daga 1909 zuwa 1913 Maud Pember Reeves da abokan aikinta sun riƙa bin gidaje 42 a unguwar Lambeth ta Landan, suna sa mata rubuta duk kwabon da ya fita. Mazajen nan suna da aikin yi ma, wajen fam guda suke kawowa a mako, amma ba ya isa, balle wanda ke jiran tallafi. Kuɗin haya ake fara cirewa, ya kan lashe kusan kashi ɗaya cikin uku. Sai gawayin ɗumama ɗaki, sai kwabban da ake jefawa a mitar gas. Sai inshorar jana'iza, kwabo guda a mako kan kowane yaro, wadda uwa ba ta yarda ta tsallake ko da za a kwana da yunwa, don gudun kada hukuma ta binne mata ɗa a kabarin gayya. Tsoron ba na banza ba ne: cikin duk yara biyar da aka haifa a gidajen, ɗaya ya rasu.

Abin da ya rage shi ne na cefane, kuma nan kaɗai ake iya matsewa. In yaro ya bukaci takalmi, tukunya ce za ta biya. Ɗan naman da aka samu na maigida ne, tunda shi zai fita nema. Uwa da yara burodi da man shafawa da shayi. Jariri a akwatin ayaba yake kwana. A unguwanni irin wannan, ranar Litinin akan kai kwat ɗin maigida shagon jingina, a fanso ta ranar Asabar. Tufafi kuwa da zubin mako-mako ake saya, kamar adashe.

Da tattalin arziki ya karye a 1931, gwamnati ta zaftare kashi 10 cikin 100 na tallafin marasa aiki. Namiji ya koma sule 15 da taro maimakon sule 17, matarsa sule takwas, kowane yaro sule biyu. Abin da ya fi ci wa mutane rai shi ne binciken gida. Jami'i zai shigo ya ƙirga kujeru, ya ce a sayar da abin da yake ganin ya yi yawa, in ɗa ko 'ya na samun ɗan albashi a rage daga kason uba. Samari da yawa suka bar gidan iyayensu don kada a yanke wa tsohonsu abinci. Doka ce da ta hukunta zumunci, shi ya sa jikokin waɗanda suka ɗanɗana ta ba su manta ba.

Masu hali kuma suka yi ta wa'azin cewa talaka bai iya cefane ba, da zai ci ɗanyen karas da burodi mai dusa da kuɗin sun ishe shi. Marubuci George Orwell, wanda ya zauna cikin masu haƙar kwal a Wigan a 1936, ya mayar musu da cewa wanda sanyi da zaman banza suka gallaba, abu mai ɗan daɗi ransa ke so, ko shayi ne mai sukari. Gaskiyarsa.

Sai a Yulin 1948 aka soke tsohuwar dokar matalauta, sabon tallafi ya zama sule 24 ga mutum ɗaya, sule 40 ga ma'aurata, ban da kuɗin haya. Yawancin gidajen aikin an mayar da su asibitoci da gidajen kula da tsofaffi, kuma an daɗe ana fama da dattawan da ke ƙin a kwantar da su a ciki.