Rigar Disamba: Yadda Sojan Ƙasa da Sojan Ruwa Suka Koma Sauya Kaya

Tun 1890 kwalejin hafsoshin sojan ƙasa ta West Point da ta sojan ruwa da ke Annapolis suke karawa a ƙwallon ƙafar Amurka, wadda ake rungumar ƙwallo a ruga da ita. A karon farko 'yan ruwa suka ci 24 da nema. Shekaru aru-aru kowa ya san kayan kowa: West Point baƙi da ruwan zinariya da toka-toka, Annapolis shuɗi mai duhu da hular kwano ruwan zinariya.

A 2008 kamfanin Nike ya ɗinka wa ƙungiyoyin biyu kaya na musamman don wasansu na Disamba. 'Yan West Point suka fito da hula da wando masu zanen kakin ɓad-da-kama, aka lallasa su 34 da nema. 

Amma ƙofa ta riga ta buɗe. Kamfanin Under Armour ya karɓi ɗinkin kayan sojan ruwa a 2014, shekara ta zagayo sai ga huluna da aka zana da hannu, kowane rukunin 'yan wasa da irin jirginsa: mai jagorantar hari yana ɗauke da jirgin dakon jiragen sama, masu cafke ƙwallo kuma jirgin ƙarƙashin ruwa.

West Point ta bi wata hanya, wadda ita ce ta fi ma'ana. Malaman sashen tarihi na kwalejin suka shiga aikin, kusan kowace shekara a zaɓi runduna guda a bi labarinta, har tambarin kafaɗa. A 2016 aka karrama sojojin laima na runduna ta 82, kuma a ranar wasan, a Baltimore, 'yan West Point suka ci 21 da 17, suka kawo ƙarshen shan kashi sau 14 a jere. Shekarar da ta biyo baya ce ba a mantawa. An ɗinka musu fararen kaya fat daga hula har takalmi, don tunawa da runduna ta 10 ta mayaƙan tsaunuka da suka yi horo cikin ƙanƙara a Colorado lokacin yaƙin duniya na biyu. Sai Allah ya saukar da dusar ƙanƙara a Filadelfiya, 'yan wasan suka saje da fili har da ƙyar ake rarrabe su a talabijin. Suka ci 14 da 13.

Masu kukan an yi watsi da al'ada suna da hujja, domin rigunan ana sayar da su, kuma haɗa jinin waɗanda suka faɗi a fagen fama da kasuwa abu ne mai nauyi. Sai dai matasan da ke sa kayan, da sun gama karatu aikin soja za su kama, wasunsu ma a rundunar da sunanta ke jikin rigar.

Kayan gargajiyar kuwa suna nan a wurin 'yan kallo, inda dubban ɗalibai ke shigowa da maci kafin wasa, 'yan West Point cikin dogayen kwat masu ruwan toka, 'yan Annapolis cikin masu duhu da fararen huluna. A 2019 ma sojan ruwa da kansu sun koma salon rigar zamanin Joe Bellino da Roger Staubach, gwanayensu na 1960 da 1963, suka ci 31 da 7.