Asalin Kalma: Waifai

Waifai, wanda ake rubutawa Wi-Fi a jikin na'urori, sunan kasuwa ne tun farko. A 1997 ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar da ƙa'idar haɗa kwamfutoci ta iska, mai lamba 802.11. Lamba ba ta zama a bakin mai saye, sai a 1999 masu ƙera kayan suka sa kamfanin Interbrand ya raɗa suna, ya kwaikwayi amon hi-fi na kayan sauti.

A bakinmu ma'anar ta faɗaɗa, har wasu ke kiran intanet ɗin kansa waifai, abin da ke rikitar da mutane. Intanet yana shigowa gida ne ta waya ko layin sadarwa ya tsaya a wata na'ura da ake kira rauta. Waifai kuwa siginar rediyo ce da rauta ke watsawa, domin kwamfutar tebur da laftof su raba layi guda. Tsohuwar kwamfutar tebur sau da yawa sai an maƙala mata adafta ta USB kafin ta kama. Idan alamar waifai ta cika amma shafi ya ƙi buɗewa, a fara duba layin da ke shigowa.