Daga ƙofofin Surame zuwa ƙofa ta 443

Wanda ya san kufan Surame, birnin da Muhammadu Kanta ya kafa a ƙarni na 16, ya san cewa ganuwa ba ta da amfani sai da ƙofa, ƙofa kuma sai da mai tsaronta. A nan ake tare baƙo, a nan ake karɓar kuɗin fito. Kwamfuta ma haka take. Adireshinta na intanet tamkar sunan gari ne, amma saƙo ba ya shiga sai ta wata ƙofa mai lamba. Ƙofofin 65,536 ne, daga 0 zuwa 65,535, kuma 1,024 na farko an keɓe su ga sanannun ayyuka.

Wannan tsari ya faro ne a Amurka a watan Mayun 1972, lokacin da Jon Postel, ɗalibi a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalas, ya ba da shawarar a riƙa raba lambobin daga hannu guda. Aikin ya faɗa kansa, ya riƙe rajistar har rasuwarsa a 1998. Sannu a hankali kowace ƙa'idar sadarwa ta sami ƙofarta: FTP mai jigilar fayil ta zauna a 21, Telnet a 23, SMTP mai kai wasiƙun imel a 25, sai DNS, wadda ke juya sunan shafi zuwa adireshi, a 53. Ranar 1 ga Janairun 1983 aka ɗora komai bisa TCP/IP.

A watan Agustan 1991, watan da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi aka mai da Birnin Kebbi hedikwatarta, Tim Berners-Lee ya sanar da duniya shafukan yanar gizo, masu bi ta ƙofa ta 80. Aibin wannan ƙofa shi ne duk abin da ya ratsa ta a buɗe yake, kowane ɗan leƙen asiri na iya karantawa. Kamfanin Netscape ya kawo kulle a tsakiyar shekarun 1990, aka ba HTTPS ƙofa ta 443.

A nan labarin ya juya. Masu tsaron hanyoyin sadarwa sun yi ta rufe ƙofofi saboda ɓarayi da wasiƙun banza, ta 25 da ta 23 sun fi shan kulle, amma ba mai iya rufe 443. Sai masu ƙera manhaja suka karkato da kusan komai can. Manhajar bankin da ɗan kasuwar shinkafa a Argungu ke tura kuɗi da ita, shafin rajistar JAMB, Facebook, duk ƙofa guda suke bi, kuma kayan a ƙulle suke. Birni mai dubban ƙofofi ya koma kusan mai ƙofa ɗaya, wadda mai tsaronta ba ya ganin abin da ke cikin mangala.

An ga tasirin haka a 2021. Da gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter daga 5 ga Yuni, ba ta taɓa 443 ba, domin rufe ta rufe bankuna ne. Shafin kawai kamfanonin waya suka toshe, jama'a kuwa suka zagaya ta VPN. OpenVPN, alal misali, ƙofarta ta asali 1194 ce, amma tana iya sajewa cikin ayarin 443. An janye dakatarwar ranar 13 ga Janairun 2022.

A Zamfara, maƙwabciyar Kebbi, ba a tsaya wahalar zaɓen ƙofa ba. A farkon Satumban 2021 hukumar NCC ta umarci kamfanoni su kashe turakun sadarwa na jihar baki ɗaya saboda 'yan bindiga, daga baya matakin ya shafi sassan Katsina, Sakkwato da Kaduna. Kira, saƙon tes da na'urar POS duk suka tsaya lokaci guda, har mutane suka riƙa tafiya wasu garuruwa neman sabis don su ji lafiyar 'yan'uwa ko su cire kuɗin cefane.