Yadda Mutanen Gilasgo Suka Yaƙi Tarin Fuka da Tunjere

Gilasgo babban birni ne a ƙasar Sikotlan, arewa da Ingila, ya yi suna wajen ƙera jiragen ruwa. Sa'ad da aka ƙare yaƙin Hitila cikin shekarar 1945, mutanensa suka tarar akwai sauran abokan gaba biyu a cikin gida, wato tarin fuka da cututtukan da a ke ɗauka ta wurin saduwar mace da namiji, su ne tunjere da ciwon sanyi.

Abin da ya ba tarin fuka ƙarfi a can shi ne cunkoso. Sau da yawa miji da mata da 'ya'yansu duk a ɗaki guda su ke kwana, in ɗaya ya yi tari sauran su shaƙa. A zamanin nan kuwa babu wani magani sai a kai majiyyaci asibitin bayan gari, ya yi wata da watanni a kwance yana shan iska. Gadaje ba su isa ba, har wani ya kan mutu yana jiran layi ya zo kansa.

Tunjere kuma ya yi yawa ƙwarai cikin 1946, lokacin da sojoji suka komo gida. Tun 1916 doka ta ɗora wa hukumomin garuruwa buɗe ɗakunan shan magani domin irin waɗannan cututtuka, kyauta, a asirce. Amma maganin dā allura ce mai dafi, a kan shekara ana yinta, sabo da haka mutum ya kan gudu da zarar gyambon ya bushe, alhali cutar tana nan cikin jini. Daga nan sai ya sa wa matarsa, ita kuma ta haifi ɗa da ita. Da penisilin ya samu, aikin shekara ya koma na 'yan kwanaki. Aka riƙa auna jinin mata masu ciki, ana kuma bin sawun wanda ya sa wa mutum cutar, a lallashe shi ya zo, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ran 5 ga watan Yuli, 1948, Gwamnati ta mai da ganin likita kyauta ga kowa. Sababbin magungunan tarin fuka kuma suka fito, sai dai an lura in aka ba da iri ɗaya kaɗai ƙwayar cutar ta kan saba da shi. Wani likita a Edimbara, sunansa John Crofton, ya nuna cewa in aka gama iri uku, aka sha ba fashi fiye da shekara, kusan kowa na warkewa.

To, magani ya samu, saura a gano masu ciwon, gama mutum ya kan daɗe yana yaɗa shi bai sani ba. Sai hukumar birnin ta shirya gagarumin aiki cikin watan Maris, 1957. Aka tattaro motoci 37 masu na'urar ɗaukar hoton ƙirji, aka girke su unguwa unguwa. Dubban mutanen gari suka ba da kansu, ba don lada ba, suna bi gida gida suna kira. Duk wanda aka ɗauki hotonsa a kan ba shi lamba ya maƙala a riga, ana kuma jefa ƙuri'a a raba kyaututtuka, har da mota. An sa rai da mutum 250,000 ne, amma cikin mako biyar sai da aka ɗauki hoton fiye da 700,000. Cikinsu aka sami fiye da 2,000 masu ciwon, aka shiga yi musu magani.

Ko da ya ke ciwon ya ragu ƙwarai bayan wannan, ba hoto kaɗai ya kore shi ba. An rushe tsofaffin unguwanni, an gina sababbin gidaje, an kuma yi wa 'yan makaranta rigakafi. Ciwon sanyi kuwa ya sāke tasowa tun kafin 1960, daga baya har ya fara ƙin jin penisilin.

Abin lura a nan shi ne, likitoci sun kawo magani, amma maƙwabta ne suka kai juna wurinsa. Dā ma Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.