Gayya da Na'ura: Ƙorafi Kan Ƙirƙirarriyar Basira a Firefox da Abin da Yake Nufi ga Harsunan Guéné

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin saɓanin da ya taso tsakanin Mozilla da masu amfani da burauzarta ta Firefox, da kuma 'yan sa-kan da ke yi mata fassara, daga 2023 zuwa farkon 2026, a kan cusa ƙirƙirarriyar basira cikin manhajar. An dogara ga sanarwoyin Mozilla da bayanan da ke rakiyar kowace fitowar Firefox, sannan aka auna su da yanayin harshe a Guéné, cikin ƙaramar hukumar Malanville ta Jamhuriyar Benin. Binciken ya nuna cewa tushen ƙorafin shi ne rashin shawara da ƙwace wa mutum ikon yanke hukunci a kan aikinsa, kuma illar hakan ta fi nauyi ga harsunan da masu yi musu hidima ba su da yawa.

Gabatarwa

Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda aka baje rubutun da aka gina ta da shi a fili, kowa na iya karantawa, ya gyara, ya rarraba. Firefox na cikin fitattunsu. Asalinta tun 1998 ne, lokacin da kamfanin Netscape ya saki rubutun burauzarsa. Aka kafa Gidauniyar Mozilla a 2003, Firefox 1.0 ta fito ranar 9 ga Nuwamba 2004. Ma'aikata masu albashi ne ke rubuta yawancin manhajar, amma fassara ta zuwa harsuna da dama, da fassara shafukan taimako, da amsa tambayoyin waɗanda suka maƙale, duk aikin mutanen da ba a biyan su ko sisi ne. Bahaushe ya san irin wannan aiki, sunansa gayya. Kuma ya san sharaɗinta: mai gona ba ya biyan lada, amma yana ciyarwa, yana godiya, ba ya kuma wulaƙanta kuyyar da aka yi masa.

Ana iya tambayar me ya haɗa wannan da Guéné, garin da ke kan babbar hanyar da ta taso daga Kwatano ta bi Parakou da Kandi ta dire Malanville, inda gada ta tsallaka kogin Kwara zuwa Gaya. A nan wayar hannu ce ƙofar intanet, galibi ƙirar Tecno ko itel, kan layin MTN ko Moov ko Celtiis, kuma burauzar da aka tarar a cikin waya ita ake amfani da ita. Rabon Firefox a duniya ma bai kai kashi 3 cikin 100 ba a 2025. Amsar tana ga harshe. A kasuwar Guéné ana jin Dandanci da Fulatanci da Hausa da Zabarmanci da harshen Mokole, alhali Faransanci ne harshen makaranta da ofis. Biyu daga cikin dangogin waɗannan harsuna sun shiga Firefox ne ta hannun 'yan sa-kai, kuma wannan hanya ce rikicin da ake magana a kai yake neman toshewa.

Yadda saɓanin ya faro

A watan Satumba 2023 Firefox 118 ta zo da fassarar shafuka ta na'ura. Aikin ya samo asali daga shirin Bergamot, wanda Tarayyar Turai ta ɗauki nauyinsa, Jami'ar Edinburgh na cikin masu gudanar da shi. Fassarar a cikin kwamfutar mutum ake yin ta, ba a aika abin da yake karantawa zuwa wani kamfani, kuma sai ya nema ake yi. Harsuna 9 aka fara da su, dukkansu na Turai. Wannan ma ƙirƙirarriyar basira ce, amma ba a ta da jijiyar wuya a kanta ba. Da yawa ma yabawa suka yi. Wajibi ne a riƙe wannan, domin shi ke karya zancen masu cewa mutanen Firefox tsoron sabon abu kawai suke yi.

Daga nan al'amura suka sauya salo. A Satumba 2024 Firefox 130 ta kawo gwajin wata taga a gefe, inda ake hira da manhajoji irin su ChatGPT da Gemini. A Fabrairu 2025 Mozilla ta fitar da sharuɗɗan amfani da Firefox, waɗanda lafazinsu ya sa mutane zargin ana neman izinin sarrafa abin da suke rubutawa, har sai da aka sake rubuta wani sashe cikin 'yan kwanaki. A Yuli 2025 Firefox 141 ta zo da na'ura mai ba da shawarar yadda za a haɗa shafuka rukuni-rukuni, kuma a makonnin da suka biyo baya aka yi ta ƙorafin kwamfutoci na zafi, batir na saurin ƙarewa. Ranar 16 ga Disamba 2025 sabon shugaban kamfanin, Anthony Enzor-DeMeo, ya bayyana niyyar mayar da Firefox burauzar zamani ta ƙirƙirarriyar basira. Martanin ya yi zafi har Mozilla ta yi alkawarin makulli guda mai kashe dukkan waɗannan abubuwa, wanda ya fito a Firefox 148 cikin Fabrairu 2026.

Adalci ne a faɗi abin da ya matsa wa Mozilla. Kusan kashi 85 cikin 100 na kuɗin da Firefox ke samar mata daga Google yake zuwa, ladan sanya injin bincikensa a gaba, kamar yadda babban jami'in kuɗinta ya shaida wa wata kotu a Amurka a Mayu 2025. Wanda abincinsa ke hannun abokin gasarsa dole ya nemi wata mafita. Sai dai wasu manhajojin da aka gina kan Firefox sun ƙi bin ta: mai Waterfox ya ce ba zai saka irin waɗannan na'urori masu hira ba, masu burauzar Tor kuma suka cire su daga tasu a Oktoba 2025.

Abin da ya faru da masu fassarar Japananci

Lamarin da ya fi kusa da batunmu ya auku ne a shafin taimakon Mozilla, wanda ake kira SUMO. Ranar 22 ga Oktoba 2025 aka saki wata na'urar fassara a kan maƙalun Japananci. Ranar 4 ga Nuwamba jagoran 'yan sa-kan harshen, wanda ya shafe fiye da shekara 20 yana wannan hidima, ya sanar da rufe ƙungiyarsu.

Dalilan da ya bayar sun cancanci a tsaya a kansu, domin ingancin fassara ɗaya ne kawai daga ciki. Ya ce na'urar ba ta bin ƙa'idojin da suka shimfiɗa, kuma ta rubuta nata a kan maƙalu sama da 300. Ya ce an yi haka ba tare da an tuntuɓe su ba. Sannan ya ambaci wa'adin sa'o'i 72: da zarar an sabunta maƙalar Ingilishi, idan kwana uku suka wuce mutum bai fassara ba, ta na'ura ce za ta hau. A ganina wannan ne mafi muni, ko da yake shi ne ba a cika lura da shi ba. Ƙananan gyare-gyare su ne makarantar sabon ɗan sa-kai. Da su yake koyon kalmomin aiki, babba ya duba masa, ya gyara, har hannunsa ya faɗa. Malamin makaranta ko ɗalibin da ke da lokacin fassara ranar Lahadi kaɗai ba zai taɓa riga na'ura ba. Idan na'ura ta kwashe ƙananan ayyuka, babu inda magaji zai fito. A ƙarshe jagoran ya haramta a yi amfani da fassarorinsa wajen horar da na'ura.

A koma ga misalin gayya. Mai gona yana da 'yancin sayen tarakta, babu mai ja da haka. Amma idan mutane suka yini suna huɗa, da asuba ya sa tarakta ta bi ta kan kuyoyinsu bai gaya wa kowa ba, baɗi ko ya buga ganga ba za su fito ba. Harshen Japan, da miliyoyin masu magana da shi da tarin rubutu a intanet, zai iya jure rashin ƙungiya guda. Tambayar ita ce yadda za ta kasance ga harshen da mutum biyar ko goma ke ɗauke da shi.

Darasin ga Guéné

Dandanci reshe ne na harsunan Sonrai, ɗan'uwan Zabarmanci. Firefox ta samu fassarar Sonrai a 2011, ƙarƙashin shirin ANLoc da cibiyar IDRC ta Kanada ta tallafa wa, da jagorancin masanin harshe ɗan Mali Mohomodou Houssouba. Ta Fulatanci kuwa Ibrahima Sarr ne ya jagorance ta. Karin Gao da aka yi fassarar Sonrai da shi ba shi ne Dandanci ba, haka Fulatancin Futa Toro da aka yi ɗayar da shi ya bambanta da na makiyayan yankin Guéné, amma aikin ya nuna abin da mutum ke iya yi wanda na'ura ba ta da hanyar yi. Da masu fassarar Fulatanci suka zo kan faɗuwar manhaja, sai suka ɗauko kalmar hookii, wato saniya ta faɗi amma ba ta mutu ba. Da suka zo kan ƙarewar wa'adin jiran shafi, suka ce honaama, kifinka ya kuɓuce. Bafulatanin da ya kawo shanu kasuwar Guéné, ko masuncin bakin Kwara, hoton a gabansa yake. Na'ura tana koyo ne daga abin da aka riga aka rubuta. Waɗannan ma'anoni kuwa babu su a rubuce kafin ranar da wasu suka zauna suka yi gardama suka zaɓe su.

Hausa ta fi waɗannan sa'a. Ta shiga Google Translate tun Disamba 2013, tana cikin shirin Common Voice na Mozilla da ke tattara muryoyin 'yan sa-kai, tana da jaridu da sassan Hausa na BBC da DW da RFI. To amma wace Hausa ce? Mafi yawan rubutun daidaitacciyar Hausa ce mai tushe a Kano, da aron kalmomi daga Ingilishi. Hausar Gaya da Malanville ta yamma ce, aronta daga Faransanci: lakwal, duwan, kamiyo, mushe. Sai kuma lissafin kuɗi, inda kuskure ke zama asara. A wannan yanki dala tana nufin sefa 5, don haka dala ashirin sefa 100 ce, jaka kuma sefa 1,000. A rubutun labarai da na'ura ta fi cin karo da shi, dala kuɗin Amurka ce. Dillalin albasa da ya dogara ga fassarar na'ura a kan farashi yana cikin haɗarin da mai karanta Kano ba zai ma hango ba, kuma fassarar za ta fito sumul, babu alamar tuntuɓe a cikinta. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Wanda zai kama irin wannan kuskure sai ɗan yankin da aka ba ikon cewa a'a.

Akwai wani zagaye mai haɗari a nan. Fassarar na'ura da ba a duba ba takan hau intanet, na'urar gaba ta ɗauke ta a matsayin ingantaccen harshe. An ga ƙarshen wannan hanya a Wikipedia ta harshen Girinlan, wadda aka yanke shawarar rufewa a 2025 bayan ta cika da rubutun na'ura marar ma'ana. Harshen da rubutunsa ya yi ƙaranci, kaɗan daga irin wannan gurɓata ya isa ya rinjayi na gaskiya.

Ƙorafin masu amfani ma yana da wata fuska a nan. Wanda ke Turai yana kukan batir ne don ya takura. A garin da ake biyan kuɗi a shagon caji, ake sayen data ta kwana guda, duk abin da manhaja ta sauko da shi ko ta kunna ba da izini ba, daga aljihu ya fita. Tun juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 da rufe gadar Malanville, ciniki ya ja baya a yankin, waya kuma ta ƙara zama hanyar jin farashi da halin da hanya ke ciki. Bambancin abin da aka kunna wa mutum tun asali da abin da shi ya kunna da hannunsa ba ƙaramin bambanci ba ne ga mai irin wannan hali.

Ba na cikin masu cewa a kori na'ura daga aikin fassara. Ga harsunan da ba su da isassun hannuwa, daftarin na'ura na iya rage wahala sosai, muddin daftari ne, yana jiran mutum ya amince, babu agogon da ke ƙirga masa sa'o'i, kuma ƙungiyar kowane harshe ita ke da ikon kunna shi ko kashe shi. Fassarar 2023 ta karɓu ne saboda ta bar zaɓi a hannun mutum, ta 2025 kuma ta kori 'yan sa-kanta saboda ta karɓe shi.

Makullin Firefox 148 ya amsa kukan mai amfani, amma bai taɓa batun mai fassara ba, domin wancan a wani shafin yake, da wasu dokoki. Shi kansa makullin yana cikin saituna ne, da bayani a rubuce a ƙarƙashinsa. Ɗan Guéné da bai yi lakwal ba, wanda Faransanci da Ingilishi ba su buɗe masa komai, ba zai san akwai shi ba sai wani ya zauna ya fassara wannan bayanin zuwa Dandanci ko Fulatanci ko Hausar da yake ji.