Inuwar Ladan da Lissafin Alwatika

Kafin agogo ya zama ruwan dare a Tambuwal da Kebbe, inuwa ce ke gaya wa ladan lokaci. Yakan tsaya a fili, ya lura da inda inuwar kansa ta ƙare, sannan ya auna ta da tafin ƙafa, diddige na taɓa yatsa. Malaman fiƙihu sun ƙiyasta tsayin mutum ƙafa bakwai da ƙafarsa. A Malikiyya, la'asar tana shiga idan inuwa ta kai tsayin mai ita, an ɗora mata wadda ta rage lokacin zawali.

Inuwar zawalin nan ita ce wuyar aikin, domin ba ta zama wuri ɗaya. Garuruwan biyu suna wajen digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu. A ƙarshen Afrilu, da kuma cikin Agusta, rana kan tsaya tsakar ka, inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafa. Da hunturu kuwa, cikin Disamba, rana ba ta ɗagawa fiye da digiri 54, sai inuwar zawali ta kai ƙafa biyar, ta la'asar goma sha biyu. To, mutum a tsaye, inuwa a kwance, haske ya haɗa kansa da ƙarshen inuwar: alwatika ke nan mai kusurwar digiri 90. A raba bakwai da biyar, an samu kusan abin da ɗan sakandare ke kira tan na digiri 54.

Masu nazarin taurari ne suka fara aza tubalin wannan lissafi. Batlamus na Iskandariya ya bar jadawali, Aryabhata na Indiya ya kawo sain a 499. Amma neman lokacin salla da alƙibla ne ya sa Musulmi suka riƙe inuwa da muhimmanci. A Bagadaza, cikin ƙarni na 9, Habash al-Hasib ya tsara jadawalin inuwa, wato tan ɗinmu na yau. Abul Wafa, wanda ya rasu a 998, ya faɗaɗa aikin. Al-Biruni kuwa littafi guda ya yi a kan inuwa, kuma a ciki ya yi bayanin raba sandar awo yatsu 12 ko ƙafa bakwai, ƙafa bakwai ɗin da ladan ke aiki da ita. Sai a 1551 wani masani a Turai, Retikus, ya buga jadawalin da ya ɗora komai a kan gefunan alwatikar kai tsaye, yadda ake koyarwa yanzu.

Abin da ke damuna shi ne yaranmu suna haddace sain, kosain da tan don jarrabawar WAEC kawai, suna ɗauka kayan Nasara ne. Malami ya fito da ajinsa fili da hantsi mana, ya kafa sanda mai mita ɗaya kusa da giginya. In inuwar sandar ta kai mita biyu, ta giginya ta kai 30, yaran da kansu za su ce tsayinta mita 15 ne, ba wanda ya hau.