Kafin Na'ura Ta Zo

Tun da na ajiye aiki, yaran da suka shigo bayanmu kan zo gaisuwa Kaugama, kuma hirarsu ba ta wuce na'urar PCR. Ban raina ta ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne sun ɗauka a cikinta ake gano cutar shan inna, alhali kafin samfur ya kai gare ta an riga an yi rabin aikin, ko an riga an ɓata shi.

A zamaninmu, in ƙwayar cutar ta tsiro a bututun ƙwayoyin halitta na RD ko L20B, da jinin garkuwa muke tantance irinta. Ka raba ta cikin ƙananan ramukan faranti, wannan ka haɗa da garkuwar nau'i na ɗaya, wancan na biyu, wancan na uku, ka zuba ƙwayoyin halitta a kai, ka shiga jira. Ramin da ƙwayoyinsa suka rayu shi ya faɗa maka sunan maƙiyinka, domin garkuwar da ke ciki ce ta ɗaure shi. Kwanaki ake yi ana leƙa madubi kowace safiya.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, shi ya buɗe mini ido. Lafiyayyun ƙwayoyi shimfiɗe suke lumui kamar daɓen ɗaki. In cuta ta shige su sai su dunƙule, su yi ƙyalli, su saki jikin bututu. Amma dafin da ke cikin kashin samfur ma yana kashe su. In ya ga sun mutu tun kwana na farko ba ya rubuta komai, sai ya sa ni in ɗebi ruwan in zuba a sabon bututu. Dafi tsinkewa yake yi, ƙwayar cuta kuwa sake kisa take yi. Kuma kafin ya buɗe kowane akwatin samfur sai ya taɓa ƙanƙarar da bayan hannu.

Wannan ɗabi'ar na fahimce ta ne don na yi aikin ƙauye tukuna. Kashi biyu ake karɓa daga yaron da ƙafarsa ta saki, a bar awa 24 a tsakani, cikin kwana 14 da fara ciwon, kuma su isa ɗakin gwaji na Maiduguri da sanyinsu cikin kwana uku. Da damina, in kogin Haɗeja ya cika ya datse hanya, a kan babur da kwalekwale akwatin yake tafiya. Firijinmu na kananzir ne; in lagwani ya soma ba da jar wuta maimakon shuɗiya, ranar ba barci. Yau hasken rana ke riƙe firiji, alhamdu lillahi.

A 2003, da jita-jita ta sa aka dakatar da rigakafi a Kano har zuwa Yulin 2004, masu ɗaukar akwatin nan ne suka sha zagi a ƙofar gidaje. Da aka sanar ranar 25 ga Agusta 2020 cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna, an yi ta jawabai, ban ji an ambace su ba. Har yau abin yana yi mini ciwo.

Kuma su ne suka kama ƙwayar da ta ɓulla a 2018. Bayan an cire nau'i na biyu daga ɗigon baki a Afrilun 2016, yaran da aka haifa daga baya suka tashi ba su da kariya daga gare shi. Ƙwayar rigakafin da ta daɗe tana yawo tsakanin yaran da ba a yi wa ɗigo ba ta rikiɗe ta dawo da ƙarfinta. An fara ganinta a ruwan kwata na Haɗeja, a watan Afrilu ta shanye wani yaro a nan ƙaramar hukumarmu, kafin shekara ta ƙare ta tsallaka Damagaram.